Maraƙinka Ya Miƙe

Zuwa ga Yayana Malam Sule, a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Habi da yara. Yaya ciniki? Mu nan Limancin Kona lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bayan haka, maraƙin da saniyarka ta haifa ya kamu da zawo har ya kasa tsayuwa. Inna ta ce nono ne ya yi masa yawa, muka raba shi da uwarsa, sai ya ƙara lalacewa. Na kirawo malamin dabbobi, ya ce a ɗebo masa kashin maraƙin a gwangwani. Inna ta hana, wai ba a ba baƙo kashin dabba, kada a yi mata asiri. Da ƙyar na lallashe ta.

Washegari malamin ya nuna mini kashin a madubin likita, na gani da idona, ashe ƙwayayen tsutsar ciki ne. Ya ɗura masa magani, ya ce a mai da shi wurin uwarsa, a ɗauke turkensa daga bakin kududdufi.

Jiya maraƙin ya tsinke igiya, ya cinye wa Inna rama, ko korarsa ba ta yi ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da mutanen gida. Inna ta ce kada ka manta da malamin nan a addu'arka.

Ƙanenka,
Garba