Zanen da Ba a Shanya Ba

Glasgow, Nuwamba 1887

Yaya Raonaid,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya maigidanki Ruairidh? Na fito daga kurkuku, ina dakon kwal a tashar jiragen ruwa. Tarin ya yi sauƙi, kada Inna ta ji.

Mu tara muka rushe katangar mai ƙasa don shanun gari su samu kiwo, har da Ruairidh. Gidanki ne a kan tudu, ke aka ɗora wa shanya farin zanen gado a rufin ɗaki in jirgin ruwan 'yan sanda ya ɓullo, maza su haye dutse. Ranar da jirgin ya zo ina yankan ciyawa ina duban rufinki, ban ga komai ba. Ashe sauran takwas tun safe suna kan dutse.

Da 'yan sanda suka kama ni suna wucewa da ni kika ce, "Wayyo Tormod, zanen yana cikin wanki!"

Na ji Ruairidh ke noman gonata yanzu. Allah ya sa albarka.

Ga sabon zane na aiko miki, fari ƙal. Ki adana shi a bushe. Wata rana Ruairidh za su zo nema.

Ƙanenki,
Tormod