Hatsin da Aka Ajiye wa Damina

Garin Jaye, ƙasar Gazawa
Watan Sha'aban, ranin farko bayan samun mulkin kai

Zuwa ga Maigida, Malam Magaji, a Katsina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan cin raninka. Yaya baƙunta, yaya aikin ginin? Yaya gwiwar nan taka mai ciwo? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Malam Chindo ke rubuta mani ina faɗi, kuma shi ya sa sunanka a bisa, kada ka ce tafiyarka ta sa na fitsare.

Labarin gari shi ne rijiya. Bayan tafiyarka mai gari ya dawo daga Agiye da albishir, wai yanzu da ƙasa ta dawo hannunmu, duk garin da ya haƙa rijiya ya cim ma ruwa za a ba shi siminti a ɗaure ta. Mu mata har guɗa muka yi, don ka san nisan da muke yi kafin mu cika tulu. Aka zaɓi majiya ƙarfi, kuma ba sai na faɗa maka wanda aka fara kira ba. Ɗanka ne na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa. Shi ke shiga ƙasa da dagi, sauran suna bisa suna jan igiya.

To, ga inda maganata take. Da za ka tafi ka liƙe rumbun gandu da laka, ka danna tafin hannunka a kai, ka bar wa ɗan'uwanka Yaya Barmo amanarsa. Ban ce ka yi laifi ba, haka na tarar ana yi a gidan ubana. In kaka ta wuce maigida ya rufe hatsin gandu, mace ta ci da kanta da ɗiyanta daga gamanarta, sai ruwa ya sauka a buɗe don masu noma su sami ƙarfi. Amma an yi wannan tsari ne don ranin da maza ke kwance a inuwa, ko sun tafi cin rani kamar kai. Bana ka bar mani ƙato yana aikin da ya fi noma cin jiki. Gamanar tawa kuwa, ƴar gonar da ba ta kai ta kawo ba, ka yanke rabinta ka ba gyada saboda lanho, harajin nan na gwamnati.

Ka tuna abin da yaron nan ke ci da damina. Fura mai kauri da nono da hantsi, wake da rana, tuwo da miyar kuka da ta ji daddawa da maraice, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Da wannan yake barin samari baya a wurin gayya, da shi kuma ya kada ƴan kokawar Gazawa bara har kana yawo kana washe baki kamar kai ka yi kayen. Yanzu fura guda nake damawa a yini, in tsinka ta da ruwa har ina ganin fuskata a cikin ƙwarya. Nono babu, Fulani sun yi kudu da shanu, tsohuwar da ta rage a ruga kuma da hatsi take musaya, ba da gaisuwa ba. Wakena ba zai ga ƙarshen azumi ba. Ga Hauwa matarsa tana goyo, ita ma ciki biyu take ci wa.

Na yi wa Yaya Barmo magana, ya ce shi ajiya aka ba shi, in ba da bakinka ba ko zangarniya ɗaya ba za ta fita ba. Don haka nake roƙonka ka aiko mashi da izini a buɗe, a ɗebi ƴan dammuna, a sake liƙewa. Ba don kaina nake faɗi ba, ni ko ruwan dusa na sha zan yini.

Yaya Barmo na gaishe ka, Hauwa ta durƙusa tana gaisuwa. Allah ya maido mana da kai lafiya.

Taka mai biyayya,
Kande

Garin Jaye
Bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga Maigida.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aka sha ruwa, yaya aka yi Sallah a baƙon wuri? Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Amsarka ta iso ta hannun direban motar gyada, tare da goro da zane. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Zanen yana da kyau, na ninke shi na sa a ƙasan kwando, don ban ga yadda zan yi in dafa shi ba.

Malam Chindo ya karanta mani har sau biyu, don na farko ban yarda da kunnena ba. Ka ce a yi haƙuri har ruwa ya sauka, ka ce yaro ne ƙashinsa sabo, ka ce in an buɗe yanzu da me za a yi noma. Maigida, ni ma ina tambayarka, in aka kai damina da rumbu cike, wa zai riƙe hauyar? Kai da gwiwarka, ko Yaya Barmo da tarinsa?

Bari in faɗa maka abin da idona ke gani, ko da yake ba kyau uwa ta tsaya tana duban ɗan fari. Ya yi azumin nan duka yana shiga rijiya daga safe har rana ta take. Wuyansa ya fito, warkin da yake ɗaurawa sai da Hauwa ta rage mashi igiya. Goron da ka aiko shi yake tauna don ya kashe yunwa, kuma goro ba ya zama jini. Abin da ya fi tayar mani da hankali, dundumi ya kama shi. Da rana ta faɗi ba ya gani. Rannan da magariba ya yi karo da turmi a tsakar gida, ya tsaya yana dariya wai turmin ne ya taso mashi. Ni ban yi dariya ba, na shige ɗaki. Mutumin da ba ya gani da magariba, me yake gani a ƙasan rijiya?

Hauwa ta tambayi likitan Agiye ranar da ta kai jinjiri, ya ce ciwon rashin abinci ne, a ba shi hanta da ganye da nono. Na saƙa tabarma na kai kasuwar Gazawa, mahauci ya ba ni hanta a madadinta. Ya ci, idon ya washe ƴan kwanaki, ya sake rufewa. Zogalenmu awaki sun gama da shi, ganyen tafasar da na shanya tun kaka shi ma ya ƙare.

Ka san ba zan iya miƙa mashi ƙwarya da hannuna in ce ci ka ƙoshi ba, mutane su ce Kande ba ta da kunya. Sai na riƙa juye rabona cikin nasa ina ba Hauwa ta kai. Ashe ya gane. Sai ya sha kaɗan ya tura wa Hauwa, wai ita ke shayarwa. Ita kuma ta faki idonsa ta maido mani, wai ni ce babba. Haka ƙwarya guda ke zagaya gidanka ta dawo da saura, kowa da yunwarsa.

Na aika Hauwa ta ce mashi ya bar rijiyar, ko kuwa ya hau ya fasa rumbun, ai shi ma da guminsa a ciki. Ya ce ba za a ce shi ya gudu ya bar aikin gari ana gab da cim ma ruwa ba, kuma ba za a yi waƙa da shi a dandali a ce ya fasa rumbun ubansa don ciki ba. Taurin kan nan ba daga wajena ya ɗauko shi ba.

Ina jin tsoro, Maigida. Na faɗa maka a fili tunda a sakaye ba ka ji ba. Ka aiko da izinin nan, don girman Allah.

Kowa na gaishe ka. Ka huta lafiya.

Matarka,
Kande

Garin Jaye
Farkon watan Layya

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mu nan ba lafiya ba.

Ranar Talata yaron nan ya faɗi. An cim ma danshi, ya yini yana haƙa don ɗoki, da la'asar aka jefa mashi igiya ana jawo shi. Bai yi nisa da ƙasan rijiyar ba jiri ya ɗebe shi, hannunsa ya saki. Waɗanda ke bisa sun ce ba igiya ce ta tsinke ba, ba kuma ƙasa ce ta rufta ba, hannun ne kawai ya buɗe. Hannun da ke ɗaga buhun gyada shi kaɗai. An fito da shi da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Maɗori ya zo ya duba, ya ce a yi ta addu'a.

Ina sanar da kai da bakina kafin ka ji a bakin wani: na fasa rumbunka. Da aka shigo da shi a kan ƙyaure, na ɗauki taɓarya na jingina tsani na hau, na doki wurin da ka danna hannunka har laka ta zube. Yaya Barmo na tsaye, bai hana ni ba, bai kuma taya ni ba. Mata sun leƙo ta kan danga suna salati, wai mace a kan rumbun gandu. In ka dawo ka yi mani duk hukuncin da ka ga dama.

Na kai wa tsohuwar ruga hatsi ta ba ni nono, na dama fura irin ta damina, mai kaurin da ludayi ke tsayawa. Ni na ba shi da hannuna. Ya sha ludayi biyu ya kau da kai.

Ka taho, ko gini bai ƙare ba.

Kande

Garin Jaye
Bayan Sallar Layya

Zuwa ga Maigida, Malam Magaji.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka gaisuwar rashi, kai ma ka yi mani. Na san mai gari ya aika maka da mutum, to amma an ce ka tashi daga Katsina kun bi wani aiki ƙauye, ban sani ba ko ya same ka. Yaya ƙarfin hali? Allah ya ba mu haƙuri.

Ya cika ranar jajibiri da hantsi. Kwanakin da ya yi a kwance ba abin da ban dafa ba. Wake da man da na musaya da hatsi, dambu, tuwo da miyar kuka, har kazata ta ƙarshe. Washegarin rasuwarsa kuma gari ya cika da hantar layya, kowane gida sai da aka aiko mana, ga ta nan a akushi babu mai ci. Duk abin da na yi ta roƙo a ba shi yana tsaye, sai da ya kwanta ya samu, lokacin da cikin ya daina karɓa. Bai yi ƙorafi da kai ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi ta tambayar Hauwa shi ne ko an sake liƙe rumbun, kada kaji su shiga.

Takardarka ta iso bayan an yi addu'ar uku. Ka ce ka yi tunani, Yaya Barmo ya buɗe a ɗebi abin da zai isa. Malam Chindo ya karanta, Yaya Barmo ya rufe fuska da hannun riga ya fita. Ni ban yi kuka ba a lokacin. Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka, na ji haushin Yaya Barmo, na ji na garin nan duka. Yanzu haushin ya kwanta, sai wani abu mai nauyi da ya zauna mani a ƙirji, ba ya tashi ko da na yi salla.

Rijiya ta ba da ruwa. An kawo simintin, an ɗaure ta, mai gari ya yanka akuya. Ruwan garau, in ji masu sha. Ni har yanzu tsohuwar hanya nake bi da tuluna, kowa ya san dalili, ba mai ce mani komai.

Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya, ƙasa ta jiƙu sosai, gari duk ya fita gona. Hatsinka na nan, abin da na ɗiba bai taka kara ya karya ba. Ko gara ba ta taɓa shi ba, dabararka ta yi, an kai damina da rumbu cike. Hauyarsa na rataye a inda ya bar ta tun kaka. Hauwa na takaba, Yaya Barmo ya gwada aikin gonar, rabin kunya ya yi tari ya zaunar da shi. Ka zo ka ga yadda za a yi da gonar, ni dai na sa an fara dama wa Hauwa fura mai kauri safe da maraice saboda jinjirin, kuma ban nemi izinin kowa ba.

Saura magana guda. Tun ranar da aka raɗa mashi suna ban taɓa kiransa ba. Yaron nan, wancan, ɗanka, haka na yi ta kewaye har ya yi gemu, ina jin daɗi ana cewa Kande akwai kunya. Ko da nake ba shi furar nan ta ƙarshe, bakina ya buɗe ya kasa. Yanzu na ce wa Malam Chindo ya rubuta, ya ɗaga alƙalami ya dube ni, na ce ya rubuta yadda na faɗa. Mumuni. Ɗana Mumuni ya rasu da yunwa a jikinsa, kansa na inuwar rumbun ubansa.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce,
Kande, uwar Mumuni