Hannuna ne a Kan Gangar

Ansan, Koriya

Yayana Kang Wawan,

Gaisuwa mai yawa. Yaya matarka, Teh Imas? Ka duba mini Mama da 'yata Nining.

Ka san ni. Ba wanda ya koya mini ganga, da bokitan fenti na fara. Ɗakin da muka naɗi faifanmu a gida Bandung, ni na lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai don tare ƙara. Yau faifan ya karɓu har nan, duk shagon abincin mutanenmu shi ake sawa. Na ce ni na kaɗa gangar, wani abokin aiki ya ce, "Haba Mang Engkos, to ni na kaɗa jitar! Ina sunanka?" Na juya kwalin, sai sunan kyakkyawan saurayin da ya gaje ni a ƙungiyar kiɗanmu.

Lafiyata ƙalau. Injin ma'aikata ya ɗan taɓa hannuna, yatsu biyu ne kawai, kada Mama ta ji. Sai dai sandar kiɗa ba ta zama a hannun yanzu. Wannan faifan kaɗai Nining za ta ji na kiɗan ubanta.

An ce wata mai zuwa za ku sake buga faifan. Ban nemi ko rupiah ɗaya ba. A rubuta a kwalin: ganga, Engkos Suherlan.

Ƙaninka,
Engkos