Yadin da Kawu Ya Gane

Albarika, Parakou, daren Laraba

Yau Kawu Idi ya iso daga Djougou. Don in burge shi, na ɗauko yadin da aka raba mana, mu 'yan jarida, ranar ƙaddamar da sababbin injuna a masaƙa. A kan bikin na cika shafi guda a jarida: audugarmu za ta daina fita ɗanya, a nan za a saƙa ta, direbobi da teloli da 'yan kasuwa kowa ya samu abin yi.

Kawu ya murza bakin yadin, ya shinshina, ya kece da dariya. "Ɗana, ai wannan saƙar Najeriya ce. Bandir uku na sayar wa kamarad direktan masaƙar nan, har ya ce in yanke tambarin."

Direktan nan da kansa ya riƙe hannuna ya zagaya da ni, injuna a kashe, wai ana hutar da su. Na rubuta hakan a jarida ban tambaya ba.

Labarin nan nawa Sani ƙanena ya karanta, ya sayar da motarsa ta haya. Gobe zai zo in taya shi rubuta takardar neman aiki a masaƙa.