Ka Dawo Kafin Iddata Ta Cika

Ya Abban Surayya, ruwan randata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, inuwar da nake fakewa, hasken asubata, Dabona,

Assalamu alaikum. Ka ga yadda na jera maka kirari? Ni da na shekara ina yi wa masu irin wannan rubutu dariya a shafina na jarida, yau ga ni na ari bakinsu. Abin haushin kuma, babu kalma ɗaya a ciki da ba gaskiya ba.

Daga gidanka nake rubuto maka, gidan da babu kai. Ranar da ka yi min saki ɗaya na haɗa akwati na tafi gidanmu, kamar yadda kowace mace take yi. Baba ko zama bai bar ni na yi ba. Ya ɗago kai daga littafinsa ya ce, "Siddiƙa, a ɗakin miji ake idda. Koma. Ba mu yi karatu don ado ba." Na hau keke na dawo Tudun Wada. Kai kuwa da ka gan ni, kunya ta kama ka, ka ɗauki jaka ka koma Hanwa wurin yayanka Kailani. Shari'a ta so mu zauna wuri ɗaya ko zuciya za ta huce, mu kuma masu digiri muka bi ta rabi: ni na zauna, kai ka gudu.

Duk a kan me, sanyin idona? A kan labarin da na buga na mutumin da ke gaishe da tumatirinsa kafin matarsa. Ban sa sunanka ba, 'yan'uwanka ne suka sa, a wurin wani bikin suna, suna tambayar ka, "Malam Dabo, ya tumatir, sun tashi lafiya?" Ka yi dariya a can, ka kawo min fushin gida. Amma ka karanta shi har ƙarshe? A ƙarshen, matar tana tsaye a taga tana gode wa Allah da ya ba ta mutumin da hannunsa bai iya karya komai ba.

Ka bar min lambunka, kuma ina sanar da kai cewa ina kashe shi a hankali, da kyakkyawar niyya. Na cire shukar da ka yi a gindin gwaiba ina zaton ciyawa ce. Tumatirin da ka shuka cikin buhunhuna ya sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Maƙwabciyarmu Judith ta leƙo ta katanga bayan ta dawo daga asibiti ta ce, "Maman Surayya, alayyafon nan ba kifi ba ne, ki rage ruwa! Na sa ki a addu'a a coci, amma lambun nan sai dai mai shi." Zogale kaɗai ke tsaye, don shi ba ya buƙatar kowa. Na yi zaton ni ma haka nake.

Ka tuna ruwan farko na bara, da ya zo da iska bayan La'asar? Ka fita a guje ba takalmi, ka rufe iraruwanka da sabon mayafina, sannan ka shigo a jiƙe kana ba ni haƙuri kana dariya, ruwa na ɗiga daga gemunka. Na yi maka faɗa har Magariba. Wayyo ni! Da za a dawo min da wannan yammacin, da na ba ka mayafin, na ƙara maka da zanen gado!

Ya abokin rayuwata, lokaci yana tafiya. Iddata ta kusa cika, kuma jikina ne ke ƙirga, shi kuwa ba ya jin roƙo. Baba ya riga ya faɗa, ka kuma san ba ya magana biyu: "Wanda ya kasa kome da kalma ɗaya, ba zan sake zama da shi a tabarmar ɗaurin aure ba." Surayya tana ajiye maka ƙashin miya a kwanonka kullum, ni kuma ina zubarwa idan ta yi barci. Me zan ce mata? Ina da kalmomi jibgi, da su nake cin abinci, amma wadda za ta gyara gidan nan Allah bai sa ta a bakina ba. A bakinka take. Na roƙe Shi a sujada har goshina ya san kowane zare na dardumar nan, kuma na san ba Ya tilasta wa zuciyar kowa don ni.

Ba sai ka zo da lallashi ba. Ba sai ka kalle ni ba ma. Ka tsaya a ƙofa ka ce ka mayar da ni, sannan ka ci gaba da fushinka a cikin gidanka, zan dafa maka abinci kana yi.

Idan kuwa lokacin ya riga ka, zan ɗauki akwatina na fita kamar yadda aka umarce ni, ba hayaniya. Amma ka sani, shari'a za ta iya haramta maka ganin gashina, ba ta da wani hukunci a kan abin da ke ƙirjina.

Taka har numfashi ya ƙare,
kuma matarka, a yau dai tukuna,
Siddiƙa