Kada Ka Sauka Rijiyar Gidanmu

Takarda ta fito daga hannun ƙanenka Atiku, a makarantar koyon aikin injiniya ta Ikko, zuwa ga Yaya Mamuda a Kurfi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina Inna da ciwon ƙafarta? Ina matarka Rekiya da goyo?

Bayan haka, ni lafiya lau nake. Siminti ne kawai ya ɗan cinye mini tafin hannu, alwala ma sai na daure, amma an ba ni magani. Kada Inna ta ji.

Labarin makaranta kuwa, tun bara muke gwada wani zobe na siminti da ake jerawa cikin rijiya don kada yashi ya rufta. Na farko ya tsage. Muka sa ƙarfe a ciki, na biyu ya ɗauki duwatsun da muka jibga masa, ko gezau. Na tambayi Baturen da ke koya mana ko zai yi a ƙasa irin tamu. Ya ce, "Ban sani ba, sai na ga ƙasar." Saboda haka ka cika ƙaramin buhu da yashin bakin rijiyarmu, ka ba Malam Sabi'u mai fataucin fata ya taho mini da shi.

Shi Malam Sabi'un ne ya ce mini kana shirin yashe rijiyar kafin damina. Yaya, cikinta Baba ya sauka bai fito ba. Don Allah ka jira ni. Bana ku ɗebo a rafi, ko da nisa. In Rekiya ta koka, ka ce ni na roƙa.

Haza wasalam.