Na Shanya Batirin Yaya

Laraba da dare, a Kwamba

Yau na yi wa Yaya Hadiza ɓarna. Tun da ta dawo hutu take fama da batirin ƙarfen zink, aikin gama jami'arta. Ta haɗa wani baƙin gari a ciki don ya riƙa ɗaukar caji bai mutu ba. Da na ji ta ce ƙarfinsa ya ragu, sai na shanya shi a rana, yadda Baba yake yi wa na rediyonsa. Kafin la'asar ya kumbura ya tsage.

"Ke Ummi, batiri ne ko kuɓewa?" ta ce tana dariya, amma idonta ya yi ja.

Bakina ya kasa ba ta haƙuri. Na dai wanke kwalaben gwajinta tas, na jera su inda za ta fara gani da safe.